Na Je Goronyo Ɗauko Habila

Tun ranar da na sauko daga mota, matan zumunta ba ku bar ni na huta ba. A kasuwa a tare ni, a bakin famfo a tare ni, Laraba kuwa har wurin niƙa ta biyo ni. "Saratu, yaya Sakkwato? Kin ga yaron? Da gaske ne wai ya musulunta?" To bakina ya gaji da maimaici. Ku zauna in ba ku labarin gaba ɗaya, wadda ba ta nan ku kai mata, amma don Allah kada a ƙara gishiri.

Saboda sababbin cikinmu, bari in fara daga tushe. Habila autana ne, shi ke kaɗa jita a ƙungiyar matasa tun muryarsa ba ta fashe ba. Yana da aboki, Ayuba ɗan Naomi, tare suka tashi. Ayuba ya faɗa shan ƙwaya, dattawan ikkilisiya suka sa shi ƙarƙashin horo, aka mai da shi bencin baya, daga nan ya daina zuwa. Ranar da aka tsinci gawarsa a bayan tasha, dattawa suka zauna suka ce wanda ya mutu ƙarƙashin horo ba a shigo da shi majami'a, fasto kuma ba zai je bakin kabari ba. Samari suka haƙa, suka rufe shi, ba waƙa ba addu'a. Habila ya dawo gida da jar ƙasa har gwiwa, ya rataye jitarsa, bai sake taka ƙofar majami'a ba. Da ya gama karatun aikin lafiya ya nemi wuri mai nisa, ya samu wani ƙaramin asibiti a ƙauye, a yankin Kagara ta ƙasar Goronyo. Kirsimeti ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce, ban ga ƙeyarsa ba. In na kira waya, "Lafiya lau, Mama," shi ke nan. Tsorona ɗaya ne, kada yaron nan ya ɓace wa Allah, ya ɓace mini ni ma.

Da na ce zan je, sabon fastonmu ya kira ni ya ba ni saƙo. Ya ce bencin matasa ya zama fayau, an sayo sababbin kayan kiɗa, in Habila ya dawo sauran za su biyo shi. Na ce ya bar ni da shi, ni na haife shi, ko a baya ne zan goyo shi in kawo. Na cika buhu da doya da acca da citta, na kama hanya.

Daga Kaciya zuwa Kaduna zuwa Zariya babu abin faɗa, sai ciwon gwiwa. Amma da muka wuce Funtuwa muka nufi Gusau, motar da ake ta surutu a ciki sai ta yi tsit. Direba ya kashe rediyo. Kowa ya san abin da ake tsoro a hanyar nan, ba wanda ya kira sunansa. Mutumin da ke gabana ya zaro carbi, ni kuma na runtse ido na kama tawa addu'ar, ba wanda ya harari wani. Allah ya fid da mu lafiya.

A iyakar Zamfara da Sakkwato akwai shingen sojoji, aka ce kowa ya sauko da kayansa. Wani soja baƙi siriri ya soka hannu cikin buhuna ya fito da citta. Ya dube ta, ya dube ni.

"Mama, daga ina?"

Na faɗa masa. Sai yaron nan ya saki bindiga ta rataya, ya gaishe ni da yarenmu, har da rusunawa! Ashe ɗan wajenmu ne, ya daɗe bai je gida ba. Ya ce in ba shi ɗan gutsure kawai ya riƙa shinshinawa. Na cika masa aljihu, na dafa kansa na sa masa albarka, direba yana ta danna oda.

Mun shiga Sakkwato bayan la'asar, zafi kamar an buɗe murhu. Na tambayi motar Goronyo, aka ce ta ƙarshe ta tashi, kuma yanzu ba mai bin hanyar in rana ta yi sanyi. Na zauna kan buhuna, na rasa ta yi. Sai ga matar da muka zauna kusa da juna tun daga Gusau, sunanta Inna Hurera, ta dawo daga barkar haihuwar 'yarta. Hausarsu ta can sai ka kasa kunne da kyau.

"Baiwar Allah, ina za ki kwana? Tasha? Wallahi ba ki kwana tasha. Taho mu tahi Rabah, gobe da sahe a sa ki mota."

Na ce, "Inna, ni fa Kirista ce."

Ta ce, "To mi? Kirista ba ta barci?"

Kunya ta kama ni, na ɗauki buhu na bi ta.

A Rabah na yi abin kunya na biyu. Mun iske mai gidanta, dattijo mai farin gemu, zaune a zaure da baƙinsa. Ni da na saba da gaisuwar bakin majami'a, sai na nufe shi kai tsaye na miƙa masa hannu. Bawan Allah ya dafe ƙirji ya sunkuyar da kai yana ta "Maraba, maraba, sannu da hanya," hannuna yana tsaye a iska. Hurera ta ja ni ciki tana dariya har da hawaye, ta ce tunda aka kawo ta gidan ba ta ga macen da ta ba Malam hannu ba sai yau.

Aka ba ni ruwan wanka, aka kawo tuwon shinkafa da miyar sure, aka biyo da fura mai yaji wadda ta sa ni tari. Abin da ya ba ni mamaki, ba wanda ya tambaye ni abin da ya kawo ni ƙasarsu. Mu nan baƙo bai ajiye jaka ba mun gama jin sunan kakarsa. Sai da safe, muna shan kunu, ni da kaina na kwance wa Hurera labarin Habila. Ta girgiza kai.

"Ɗiyan zamani dut ɗaya na. Nawa ma sai an ja shi zuwa masallaci, ya ce malamai sun koma 'yan siyasa. Ki ji shawarata, in kin iske shi kada ki hwara da hwaɗa. Bari shi ci abin hannunki tukun."

Na ce to. Kun dai san ni da bakina.

Malam ya sa aka saka ni a wata a-kori-kura mai zuwa Wurno, ni a gaba, albasa a baya. Warin nan ya shiga zanena har yau bai gama fita ba. A Wurno na sauka jiran motar Goronyo. Gari ne na malamai da manoma, ko'ina ka duba tafarnuwa ce da albasa da buhunan shinkafa, raƙuma kuma su ne manyan motocinsu. Ina tsaye ina kallon wata mai soya ƙosai, na ji ana jan buhuna ta baya. Ina waiwayawa na ga wani dogon wuya da leɓe kamar takalmi, doyata a bakinsa. Na kurma ihu, "Jinin Yesu!" Tasha duka ta ɗauki dariya. Mai raƙumin ya zo da gudu yana ba ni haƙuri, ya ce dabbar ba ta taɓa ganin doya mai girma haka ba. Duk yadda na ƙi, sai da ya ɗaura mini ƙullin tafarnuwa a madadinta.

A Goronyo na ga ruwan madatsa daga nesa, na ga kifi a faranti ko'ina. Ban tsaya ba, na hau babur, su kabu-kabu suke ce masa. Ina cewa ina neman Habila mai aikin asibiti, mai babur ya ce, "Likita? Ke ta uwatai?" Ya ƙi yarda in riƙe buhu, ya ɗora shi kan tanki, muka bi ta cikin gonaki.

Na iske ɗana a baranda yana ɗaure wa wani manomi ƙafa. Ya rame, ya yi baƙi, yana sanye da doguwar riga da hula. Na ce shi ke nan, maganar Laraba ta tabbata. Ya ɗago kai ya gan ni, bandejin ya faɗi daga hannunsa.

"Mama! Mi ya hwaru?"

Har Hausarsa ta juye. Na rungume shi ina kuka ina dukan bayansa.

To ga amsar tambayarku, bai musulunta ba. Rigar saboda zafi ce, hular kuma kyauta ce. Ɗaki aka ba shi a gidan Malam Sanda, limamin ƙauyen, ni kuma aka sauke ni ɗakin matarsa, Inna Kulu. Malam Sanda da kansa ya gaya mini, yana daga bakin zaure ni ina daga ciki, don wannan karon na riƙe hannuna.

"Inna, ɗiyanki mutumin kirki na. Sau guda na yi mai tayin addininmu, ya ce a'a, ban koma ba. Abin da ka damuna, ban taɓa ganin shina tashi ibadar ba. Ranar Lahadi sai shi ɗauki ƙugiya shi tahi kamun kihi."

Na bi shawarar Hurera rabi. Na yi masa faten acca, ya ci ya ƙara, har ya suɗe kwano. Bai gama wanke hannu ba na sauke masa saƙon fasto, da kayan kiɗa da komai. Ya yi wata dariya da ban so ba.

"Jita suka saya? Mama, Ayuba jita ya rasa?"

Na ce wancan faston ya tafi, wannan sabo ne.

"Dattawan fa? Su ma sababbi ne? Ku kun ɗauka kiɗa ne ya yi mana kaɗan. Mun ji wa'azin ɓataccen ɗa tun muna yara, har wasan kwaikwayonsa mun yi. Da ɓataccen ɗa ya mutu a bayan tasha, ko dattijo ɗaya mai taye a wuya bai zo ba. Ni na shiga ramin na karɓe shi, Mama. Na jira wani ya ce wani abu, ba wanda ya ce."

Raina ya ɓaci. Na ce, "To dattawa ne suka mutu dominka? Don mutane sun yi laifi sai ka yi fushi da Allah? Har da ni uwarka, me na yi maka?" Na faɗi wasu maganganun da ba zan maimaita a nan ba. Ya tashi ya fita. Na ɗaure kayana, na ce gobe sai gida, na yi asarar tafiya.

Washegari da hantsi Malam Sanda ya yi sallama a ƙofar Habila, ina tsakar gida ina jin su.

"Likita, Markus ya rasu. Naku na."

Wannan Markus wani tsoho ne mai gyaran injin ban-ruwa. Ya zo ƙasar tun yana saurayi lokacin aikin madatsa, ya zauna, bai yi aure ba, ba wanda ya san garinsu takamaimai. Shi kaɗai ne Kirista a ƙauyen bayan Habila. An iske shi a ɗakinsa da safe.

Na sa baki, na ce sai a kai shi ɗakin ajiye gawa a Sakkwato, a nemi dangi, a yi akwati, a sa rana, kamar yadda muke yi. Malam ya saurare ni har na gama. Ya ce su ba sa barin mamaci ya wuni, balle cikin wannan zafi, kuma dangin ina za a neme su? Habila ya kira wayar faston da ke cikin gari, aka ce ya yi tafiya.

Malam ya ce, "Samari sun tahi ginan kabari bakin gonata, likkahwani kuma na bayar. Amma sallatai ba tamu ta ba, ba mu san yadda kuka yi ba. Kuma ba a turbuɗe ɗan Adam shiru. Ku taho ku yi mai irin taku."

'Yan uwana mata, kun san abin da ya fito daga bakina? Ban ma yi tunani ba, sabo ne kawai. Na ce, "Yana zuwa sujada kuwa? Yana cikin zumuncin ikkilisiya?"

Habila ya juyo ya dube ni. Kallon nan ba zan manta da shi ba. Malam kuwa bai ma gane nauyin tambayar ba.

"Ban sani ba, Inna. An ce shina ɗan sha. Wanga tsakaninai da Ubangijinai. Mu dai mun san mutum na, kuma ya zamna da mu lahiya."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na ce ni ma zan je bakin kabarin. Inna Kulu ta dafe ƙirji, don su mata ba sa zuwa maƙabarta. Malam ya ce, "Addininku na, taho." Kulu ta yafa mini mayafinta saboda rana.

Habila ya wanke tsohon da hannunsa, aka naɗe shi, maza suka ɗauko shi a makara. Bakin gonar albasa ne, ƙarƙashin wata bagaruwa. Suka saka shi a ramin a hankali, sannan dukansu suka ja da baya suka tsaya a inuwa, suka bar mu. Ni da ɗana, mu biyu rak, a kan gawar mutumin da ni ban taɓa gani da rai ba.

Na jira Habila ya fara. Bai fara ba. Idonsa a kan ramin, mutane suna jira cikin rana. Sai na ɗaga waƙar da muke yi in an rasa ɗaya daga cikinmu. Kun san muryata, ba ta kai ko'ina ba, ga ƙishi, ga kuka, ba tulun kiɗa ba kacau-kacau. Na yi baiti na farko ni kaɗai. A na biyu na ji wata murya ta shigo ta ƙasa ta tallafe tawa. Ban duba ba, don na san in na duba zan rushe.

Da waƙa ta ƙare ya cire hularsa ya yi addu'a. Ba doguwa ba ce. Ya ce Ubangiji ya san Markus, ya san garinsu da sunan uwarsa ko da mu ba mu sani ba, ya karɓe shi da jinƙai. Na ɗauka ya gama. Sai ya ce, "Da Ayuba, wanda muka rufe ba mu ce komai ba." Nan ya durƙusa a kan ƙasar ya yi kukan da ban ga ya yi ba ko ranar da ubansa ya mutu. Na ce amin da ƙarfi, don a ji an gama.

Mazan suka matso suka rufe kabarin, suka jera ƙaya a kai saboda dabbobi. Muna komawa gida muka iske an shimfiɗa mana tabarma a ƙofa. Ashe mu ne masu makoki. Har yamma mutane suna zuwa, maza wajen Habila, mata wajena, "Allah shi ba ku haƙuri, ya muka ji da rashi?" Wata ta kawo fura, wata ta kawo dambu, wani masunci ya aiko da kifi. Na karɓi gaisuwar kamar ɗan uwana ne ya mutu, kuma zuwa yamma haka nake ji.

Na ƙara 'yan kwanaki. Ba mu sake maganar majami'a ba, amma da safe in na fara addu'a ba ya fita. Ranar da zan taho ya kai ni tashar Goronyo da kansa, Kulu ta cika mini buhu da shinkafa da busasshen kifi har ya fi yadda na zo da shi nauyi. Mota tana shirin tashi na ce, "Me zan gaya wa fasto?"

Ya ce, "Ki ce ya ajiye jitar tukuna. Ki tambaye shi ko ya san inda kabarin Ayuba yake."

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni. Na gode wa Hurera da mijinta, da Malam Sanda da Kulu, da sojan nan, har da mai raƙumi. Mutanen nan ba su san ni ba, ba addininmu ɗaya ba, sun ba ni wurin kwana, sun riƙe mini ɗa, kuma su suka sa ya sake buɗe baki gaban Mahaliccinsa. Ban ce muku ya dawo majami'a ba, kada wata ta je ta ce na ce.

Saƙon na kai wa fasto kamar yadda aka ba ni. Ya ce bai sani ba, amma zai kai maganar gaban dattawa. Dattawa suna nan suna zama. Ni kam ba zan jira su ba. Na je wajen Naomi, na iske ta ita kaɗai tana ɓarar gyaɗa, na tambaye ta ko za ta yarda mu je mu yi wa ɗanta waƙa. Ta ce ciyawa ta rufe wurin, ita kaɗai ke zuwa, kuma bayanta ba ya barin ta yi noma. Don haka Asabar ta ƙarshen wata za mu je. Wadda za ta zo ta ɗauro zanen zumunta, a zo da tulun kiɗa. Wadda mijinta dattijo ne kuma tana tsoro, ta zauna gida, ba zan riƙe ta ba.

Jiya na kira Habila na gaya masa. 

"Mama, wace Asabar?"

Na faɗa masa. Ya ce kada mu taɓa ciyawar, shi zai zo da fartanya.